Mono ko sitiriyo: abin dubawa kafin sayen samfuran ganguna na kiɗan rawa

Kafin ka zuba kuɗi a kan tarin samfuran ganguna, wato gajerun sautukan ganga da aka naɗa don haɗa kiɗa a kwamfuta, ko filogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a manhajar haɗa kiɗa) mai faɗaɗa sauti, fara tunanin inda kiɗan zai tashi. Salon kiɗan rawa na haus da tekno a kulob ake jin su, kuma a irin waɗannan wurare manyan lasifikan da ke fitar da kaurin sauti na ƙasa, wato wufa, yawanci sigina ɗaya ta mono ake ba su, ba ta sitiriyo mai hagu daban, dama daban ba. Mai rawa ma ba a tsakiyar lasifika biyu yake tsaye ba, yana jikin ɗaya ne. Haka yake a filin biki idan DJ ya jera akwatunansa, haka a ƙananan akwatunan Bluetooth da wayoyi masu lasifika guda. Faɗin da ka ji a hedfon, a can matse shi ake yi wuri ɗaya, abin da bai jure matsin ba sai ya ɓace.

Injinan da suka raini wannan kiɗa, TR-808 na 1980 da TR-909 na 1983 daga kamfanin Roland, kowace kafar fita ta ganga da ke bayansu mono ce. Saboda haka in aka sayar maka da kik, wato bugun babbar ganga, na 909 a fayil na sitiriyo, ɗayan biyu ne: ko hagu da dama abu ɗaya ne, an ninka nauyin fayil a banza, ko kuma an riga an shafa masa amsa-kuwwa da ba ta wankuwa. Gane wannan ba wuya. Sauke samfuran gwaji da masu sayarwa kan bayar, ka ɗora MSED na Voxengo, wanda kyauta ne, ka kashe tsakiya, wato abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai, ka saurari gefe kaɗai, wato bambancin da ke tsakaninsu. In ka ji shiru, mono ne da rigar sitiriyo, ba laifi. In ka ji kaurin kik ɗin yana gurnani a gefe, bar musu kayansu.

Kik da bes ba su da tattaunawa: tsakiya, mono. Ƙasa da 120 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) kunne ba ya gane daga ina sauti ke zuwa sosai, tunda igiyar 60 Hz tsawonta ya kusa mita shida. Ba abin da faɗi zai ƙara maka a nan, amma zai iya rage maka, domin in hagu da dama suka saɓa, da an haɗe su sai su cinye juna, kik ya rame. Masu yanka faifan garmaho ma tattara ƙasan suke yi a tsakiya don kada allura ta yi tsalle.

Sautin tafi, na tafa hannu, shi ne ke raba kan masu haɗa sauti. Tafin mono yana da naushi amma a bushe, na sitiriyo yana cika ɗaki amma yakan yi laushi a kulob. Mafi kyau ka sayi tarin da ke da duka biyun, ka jera su. Na mono a tsakiya shi ke ɗauke da bugun, na sitiriyo a ƙarƙashinsa da kamar 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), an yanke masa duk abin da ke ƙasa da 300 Hz. Ka matso da hoton igiyoyin ka tabbatar farkonsu ya zo daidai, don ko milisakan biyu na saɓani yana dusashe bugun.

Hai-hat (fayafayan ƙarfe biyu masu siririn sauti), caki, konga da bongo su ne wurin wasa, kuma nan ma samfurin mono ya fi amfani, saboda kai ke zaɓa masa wurin zama. Kai caki ɗaya kashi 30 cikin ɗari hagu, wani caki daban, mai wani salon bugu, kashi 30 dama. Tunda sauti biyu ne mabambanta, in aka haɗe su ba sa cin juna. Wannan shi ne faɗi mafi aminci, kuma ko sisi ba ya ci. Sai dai kada ka tura su can ƙarshen bango: abin da ke ƙurya yakan sauka da 3 zuwa 6 dB idan aka kwatanta da na tsakiya a mono, wanda ke tsaye jikin lasifikar dama kuma ba zai ji kongar hagu ba sam. Buɗaɗɗen hai-hat da ke faɗowa tsakanin kik da kik, shi ke riƙe da ƙafar mai rawa, bar shi kusa da tsakiya.

Dabarar da ta fi yaudarar sabon hannu ita ce ta Haas, wato jinkirta gefe ɗaya da milisakan kaɗan, ƙasa da talatin. A hedfon sai ka ji kamar an buɗe taga. A mono kuwa kwafi biyun suna haƙa ramuka a jere. Jinkirin milisakan ɗaya yana haƙa rami a 500 Hz, sai 1,500, sai 2,500. Na milisakan goma yana farawa daga 50 Hz, sai 150, sai 250, haka har sama. Sakamakon shi ne caki ya koma kamar ana kaɗa shi cikin bututun ruwa. In dole sai ka yi, rage ƙarfin gefen da aka jinkirta, ramukan za su yi ƙasa-ƙasa. Gajeriyar amsa-kuwwa ta sitiriyo a layin aike (layi daban da ake tura wa kwafin sautin), wadda aka yanke mata ƙasa, ta fi wannan zaman lafiya.

To, wane filogin ya cancanci kuɗi? A gaskiya da wuya a ce akwai na dole. Utility na Ableton Live yana da maɓallin da ke mayar da ƙasa mono, kuma a 120 Hz yake farawa. Miksan FL Studio yana da maƙunnin raba sitiriyo a kowane layi. Ozone Imager na iZotope da Wider na Polyverse, masu faɗaɗa sauti, duk kyauta ne, na biyun an gina shi ne yadda tasirinsa zai janye idan aka koma mono. Ka lura cewa maƙunnin faɗi na talaka gefe kawai yake ɗagawa, don haka a kan samfurin mono zalla ba zai yi komai ba. Na kuɗi da ya cancanci kuɗinsa shi ne mai daidaita murya irin Pro-Q na FabFilter, da ke ba ka damar taɓa tsakiya daban, gefe daban: ka share gefe ƙasa da 150 Hz, ka ɗan ɗaga shi sama da 8,000 Hz. Amma sai kunnenka ya fara jin bambancin kafin ka taɓa aljihu.

Ɗora SPAN, shi ma na Voxengo kuma kyauta, a layin da duk gangunan ke taruwa. Ma'auninsa na jituwar hagu da dama yana tafiya daga +1 zuwa -1. In allurar tana yawo tsakanin +0.5 da +1, lafiya lau. In tana leƙawa ƙasa da sifiri duk sanda caki ya shigo, cakin ne mai laifi, koma kansa. Daga nan ka fitar da waƙar ka tura waya. Android da iPhone duk suna da maɓallin sautin mono a cikin saitunan taimakon ji. Kunna shi, ka saurari tafi da hai-hat a ƙaramar murya, ka rubuta wanda ya ja baya.