Ƙwayoyin nano na folima: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka a Kumasi?

Duk shekara idan ɗaliban digiri na biyu suka fara aikin bincike, sai wani ƙane daga Aboabo ko Asawase ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Yaya, malamina ya ce in haɗa ƙwayoyin nano na folima in ɗura musu magani. Me zan saya?" Nakan ce masa ya fara zaɓen hanya tukuna, domin kowace hanya da kayanta, kuma kuɗin da ke hannun ɗalibi ba ya ɗaukar kuskure biyu. Ni na riga na yi nawa, shi ya sa bakina yake da zafi a wasu wurare.

Abin da ake nema ƙwaya ce ta folima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi irin na roba, mai girman nanomita 100 zuwa 200. Ka ɗauki milimita ɗaya ka raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ba ƙanƙanta kaɗai ake so ba, ana so ƙwayoyin su zo kai ɗaya, ba wannan tsinke wannan gungume ba.

Ni dai hanyar ɗigawa nake bi, wadda Fessi da abokan aikinsa suka bayyana a Faransa a 1989. Za ka narkar da PLGA, wata folima da ke narkewa a jiki sannu a hankali, da maganinka a cikin asiton, misali miligiram 10 a kowane mililita. A gefe guda ga ruwa mai tsabta a kofin gilashi, an narkar da PVA, sinadarin da ke hana ƙwayoyin mannewa da juna, kamar kashi 1 cikin 100 a ciki, yana juyawa a kan injin maganaɗisu. Sai ka zuƙo asiton ɗin a sirinji ka riƙa sakinsa cikin ruwan. Asiton da ruwa ba sa ƙin juna, nan take yake bazuwa, folimar kuwa ba ta narkewa a ruwa, sai ta dunƙule ta zama 'yan ƙwayoyi. Ranar da na fara ganin abin da idona sai da na kira mai shara ya zo ya gani: ruwan ya juye ya yi wani shuɗi-shuɗi mai hazo, kamar an ɗauraye kofin madara. Ka haska masa ɗan tocin leza, za ka ga layin hasken ya ratsa kofin ƙarara. Idan kuwa ya yi fari fat kamar koko, ko ka ga zare-zare manne a jikin maganaɗisun, to ƙwayoyin sun yi girma, zubar ka sake.

Daɗin hanyar shi ne girman yana hannunka. Rage yawan folima a cikin asiton, ƙwayoyin su ƙanƙance. Ƙara ta, su girma. Ƙara yawan ruwa a kan asiton, ninki biyu zuwa biyar, su ƙara ƙanƙancewa. Saurin gauraya ma yana aiki, shi ya sa nake nutsar da bakin allurar cikin ruwan maimakon in bar ɗigon yana faɗowa daga sama. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta a littafi, ba a bayan takardar rasiti ba. Daga nan ka bar kofin a buɗe yana juyawa cikin akwatin zuƙe tururi, asiton ya fice da kansa, tunda a digiri 56 yake tafasa. Ba zafi, ba babban inji. Kuma idan dumsor ya ɗauke wuta kana tsaka da aiki, ƙwayoyin sun riga sun haɗu tun daƙiƙun farko, ba ka yi asarar komai ba. Rauninta ɗaya ne: maganin da ke son ruwa yakan tsere cikin ruwan, kaɗan ne zai zauna a ƙwayar. Irin su kurkumin na gangamau da ba sa narkewa a ruwa kuwa, nan ne gidansu.

Hanyar kaɗawa, wadda ake narkar da folima a ruwan sinadarin narkarwa irin su DCM ko etil asitet a farfasa ta cikin ruwa da injin sauti mai sanda, ita ce aka fi bi idan furotin za ka ɗura a PLGA, inda ake kaɗawa sau biyu. In ba haka ba ban ga dalilin wahalar ba. Injin da tsada, yana zafafa samfur sai ka dasa kofin cikin ƙanƙara, bakin sandar yana cinyewa yana zubar da ɓurɓushin taitaniyam, ga tururin DCM da ba abin shaƙa ba ne. Wuta ta ɗauke a tsakiya, aikin ranar ya tafi.

Hanyar kitosan, folimar da ake samu daga ɓawon jatan lande, da gishirin TPP mai dunƙule ta, da Calvo da abokansa suka fito da ita a 1997, ita ce mafi arha kuma duk cikin ruwa ake yi da ɗan asid na binega, sai dai girman yau daban na gobe daban, ya danganta da kitosan ɗin da ka samu. Hanyar gishiri, inda ake sa gishiri mai yawa ya raba asiton da ruwa, wanki ne ba iyaka. Na'urorin siraran bututu irin su NanoAssemblr suna ba da girma kai ɗaya, ba musu, amma kuɗin guda sai ya ci kasafin sashe sukutum.

To, ga inda aka ƙone ni. Wani dillalin sinadarai a Akra, ba zan kama suna ba, ya kawo mini PLGA a rabin farashi, ya ce ragowar odar wani ce. Na buɗe kwalbar na tarar abin ya dunƙule kamar alewar da ta kwana a aljihu. Na ce ai ba komai. Wata uku ina haɗawa, ina zargin hannuna, ina zargin ruwan, har na fara zargin sirinji. Ashe folimar ce ta mutu tun kafin ta iso gare ni. PLGA danshi ne ke kakkarya ta, kuma mai 50:50, wato wadda sinadaranta biyu suke rabi da rabi, ta fi sauran saurin lalacewa. Tana fara laushi tun wajen digiri 40 zuwa 50, zafin da kwantenar da ta yini a rana a tashar Tema za ta iya kaiwa. Ya kamata ta zo a rufe ruf, a sanyaye, ta wuce firiza. In ka fito da ita, bar kwalbar ta huce kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a ciki, ga danshin damina a Kumasi.

Saboda haka ka nemi takardar shaidar gwaji, ka duba lambar rukunin da ke kanta ta yi daidai da ta jikin kwalba. Ka nemi sunan samfurin ƙarara, kamar Resomer RG 502 H na kamfanin Evonik, da nauyin molekul na folimar. Wanda ya ce maka "PLGA ce dai", ka tashi. Wanda ya ce zai ɗibar maka giram biyu a leda, ka tashi da sauri.

PVA ma akwai tarko. Wadda kake so ita ce folibinil alkohol mai lambar "hydrolyzed" kashi 87 zuwa 89 a jikin kwalba. Mai 99 da ƙyar take narkewa sai an dafa ta, kuma ba ta riƙe ƙwayoyi da kyau. Sannan farin gam ɗin kafintoci shi ma PVA ake kiransa, alhali folibinil asitet ne. Akwai mai sayar maka da shi ido cikin ido. Asiton kuwa, na goge farce da ake samu a Kejetia da Adum akwai ruwa da mai da turare a ciki. Sayi na ɗakin gwaji wanda hatiminsa bai karye ba. In kuma ka nace sai injin sauti, kada wat ɗin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Wasu bahon wanke kayan gilashi suke tallatawa a matsayin mai sanda, kuma baho ba zai kai ka nanomita 200 ba.

Kada ka manta da kuɗin awo. Ba ɗalibin da zai sayi Zetasizer, na'urar auna girman ƙwayoyi da haske, biya ake yi a auna. Ka karɓi lambar girma tare da PDI, lambar da ke nuna yadda girman ƙwayoyin ya bambanta. Ƙasa da 0.2 ya yi kyau, ya haura 0.3 akwai gauraye. Na'urar tana fifita manya ƙwarai: ƙwaya guda da ta ninka sauran sau 10 tana watsa hasken da ya kai na ƙanana miliyan. A lokacin hunturu ƙura ɗaya ta isa ta ɓata maka sakamako, don haka ka tace ruwan tsarmawarka da matacin maikiromita 0.22, ka rufe bututun. Wanda ya turo maka lamba guda ta WhatsApp ba tare da zanen rabon girma ba, ka ce ya turo takardar da injin ya fitar kafin ka tura masa sauran kuɗinsa ta MoMo.