Agogon da muka haɗa da hannu a Mabera, Sakkwato

Wata biyu ke nan agogon yana rataye a ɗakina, don haka yanzu zan iya faɗin albarkacin bakina a kansa. Irin agogon nan ne mai lambobi huɗu masu jan haske, wanda ake sayarwa a warwatse cikin leda, kai za ka like komai da dalma. Na yi odarsa ta intanet saboda ɗan yayata da ke ajin ƙarshe a sakandare, yaron da ba ya ganin rediyo ya ƙyale ta a rufe.

Kayan sun iso cif, ko resisto ɗaya (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) bai ɓace ba, kuma an rubuta wurin kowane abu a jikin allon. Takardar bayanin ce matsala. Shafi ɗaya ne, rabinsa rubutun Sinanci, zanen kuma ya dushe. Batirin CR1220 ma babu shi a ledar, sai da na nemo a kasuwa.

Da la'asar muka zauna a zaure, ƙarfen dalma a hannunsa, mitar auna wuta a hannuna. Launukan jikin resistocin sun yi ƙanƙanta, ja da ruwan ƙasa kusan ɗaya suke a ido, shi ya sa kowanne sai mun auna kafin ya shiga raminsa: masu ohm 330 gefe guda, masu ohm 10,000 gefe guda. Wannan ɗan jinkirin ya cece mu. Sau biyu aka ɗauke wuta ƙarfen ya huce, aikin awa biyu ya kai mu bayan isha'i.

Da muka jona shi a cajar waya mai volt 5, sai ya yi ƙara ya kama. Amma lamba ta uku ta fito a birkice, ɗigo biyun da ke raba awa da minti kuma ɗaya ne kawai a wurinsa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, mi ya hwaru? Ko mun ƙone shi?" Ba mu ƙone komai ba. Ashe a irin wannan agogo lamba ta uku kife ake saka ta, ɗigonta ya koma sama ya haɗu da na ta biyu. Takardar ba ta nuna haka yadda mai koyo zai gane ba, kuma wannan shi ne babban laifin da na ɗora wa masu yin sa. Ƙafa goma gare ta, duk mun like su tsaf. Washegari muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Babbar Kasuwa, ya zuƙe dalmar da famfonsa ƙafa bayan ƙafa, bai ɗaye layin tagulla ko ɗaya ba. Ya ce da yaron, "Ɗana, kahin ka like abu mai ƙahwahu da yawa, like guda ɗai ka duba tukuna."

Matsala ta biyu ta fi koya mana abu. Sandar tsakiya ta mutu a duk lambobin huɗu, 8 ta zama 0. Da fari na zargi lambobin, sai na tuna ba zai yiwu huɗu su lalace a wuri guda ba. Sandunan da ke matsayi ɗaya layi guda suke bi, ƙwaƙwalwar agogon kuma tana kunna lambobin ne ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya kamawa. Don haka idan lamba guda ta mutu ɗungurungum, ka duba taransistarta, wato ɗan makunnin da ke ba ta wuta. Idan sanda ɗaya ce ta mutu ko'ina, ka bi layinta zuwa resisto. Muka bi da mita, muka tarar da dalma ta dunƙule a ƙafar wani mai 330, ta yi toka-toka ba ta kama tagulla ba. Cikin lokacin da ƙarfen ya huce aka yi ta. Daƙiƙa uku na zafi, sandar ta haska, yaron ya miƙe tsaye yana kabbara.

Wajen aiki, na gamsu da shi. Yana rage haskensa da kansa idan dare ya yi, ina ganin lokacin asuba ba tare da na laluɓi waya ba. Idan wuta ta tafi fuskar tana mutuwa, amma DS1302, ɗan guntun da ke riƙe lokaci a ciki, yana ci gaba da ƙirga da ɗan batirin. Sai dai ba ya gyara ƙirgarsa idan zafi ya canza, kiristal ɗinsa kuwa, wanda ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa don auna lokaci, ya fi daidaito a wajen digiri 25. Mu da watan Afrilu ke haura mana 40, dole a ga bambanci: nawa ya yi baya da kusan minti ɗaya a wata. Ma'aunin zafinsa ma yana ƙara wa gaskiya digiri biyu, sai da muka lanƙwaso kansa waje da akwatin.

Ƙura tana shiga ta gefen akwatin roban, na toshe da salatif tun kafin hunturu. Yaron kuma ya riga ya fara tara kuɗin wani, mai DS3231 a ciki, guntun da ke gyara ƙirgarsa idan zafi ya canza, ya ce wannan karon ni ne zan riƙe masa mita kawai.