Shagon borin da yankan karanshaf na hanyar Biu, Gombe

A kan hanyar Biu, a gefen garin Gombe, akwai wani shagon borin (faɗaɗa ramin silindar inji) da yankan karanshaf (gyara gaɓoɓin sandar da fistin ke juyawa ta hanyar rage kaurinsu) wanda kanikawa ke kai wa aikin da ya gagare su. Can aka kai injin bas ɗina Hiace, samfurin 2TR-FE mai lita 2.7, bayan sababbin kayan obahol da aka sayo sun ƙi zama. A ganina aikinsu ya ci kuɗinsa, domin ba sa taɓa ƙarfe sai sun auna shi, sai dai mai gaggawa zai sha haushi a wurin.

Babbar matsalar ita ce karanshaf. Muddin ba a ɗaure murafen metal ba, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, yana juyawa da hannu, amma da zarar an ɗaure sai ya cije. A garejin da aka fara aikin an ba da shawarar a goge bayan metal ɗin da sanfefa, ko a ja motar da igiya har injin ya saki, dabarar da ta kashe injuna da yawa tun kafin su bar gari. Maigidan wannan shago bai ce komai ba sai da ya sa maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, a kowace gaɓa ta karanshaf, ya tabbatar cewa an taɓa yanka shi sau ɗaya, wato 010 a bakin kanikawa, wanda ya yi daidai da milimita 0.25. Daga nan ya zaro metal guda, ya share bayansa da babban yatsa, ya karkata shi wajen haske, ya ce: “Alhaji, duba nan. Kwalin ya ce 0.25, ƙarfen ya ce 0.50.” Metal na karanshaf da aka yanka sau biyu ya fi kauri, saboda haka ya cinye ɗan ratar da baƙin mai ke bi, wadda ba ta wuce 'yan ɗigo cikin ɗari na milimita ba. Bai tsaya nan ba, ya bi lambobi da kibiyoyin da ke kan murafen, ya gano cewa an musanya biyu daga cikinsu. Kowane murfi an gyara raminsa ne tare da bulok a masana'anta, don haka ko da metal ɗin daidai ne, murfin da ya bar gurbinsa zai iya riƙe karanshaf. Haka dokar take ga murafen konrod, sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi da zancen ringi, wato zoben da ke jikin fistin. Ya sa ringi ɗaya cikin silinda, ya kifa fistin ya tura shi da kansa domin ya zauna a miƙe, sai bakunan ringin suka haɗe babu ko ratar da siririn ma'auni zai shiga. Faɗin silindar wannan inji milimita 95 ne, kuma ringin da aka sayo na silindar da aka yi wa borin ne. Yaron bakanikena ya ce a rage bakin da magagari, maigidan ya ƙi, ya bayyana cewa ragewa tana da amfani ne idan ringin na girman silindar ne ratar kawai ta yi kaɗan, amma ringin da ya fi silinda girma ko an rage shi ba zai kwanta a bango ko'ina ba, kuma ringin da ba shi da rata idan ya ɗau zafi ya faɗaɗa, sai ya karye ko ya kankare bangon. Da ya auna silindojin sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, ya nuna mini cewa sun cinye daga sama kuma sun bar da'ira, don haka borin ya zama dole. Nan ma ya kafa sharaɗi: ba zai kunna na'ura ba sai sababbin fistin na 0.50 sun iso hannunsa ya auna su, domin silinda ake yanka wa fistin. Wannan ya sa sai da aka jira saƙo daga kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa a Kano, motar tana ajiye, direba yana zaune, kuma duk mai bas a layin Gombe zuwa Yola ya san abin da hakan ke ci.

Batun gasket bai ɗauki lokaci ba. Na wani injin daban ne aka ba mu, wato 3RZ, wanda shi ma faɗin silindarsa 95 ne, abin da masu kaya ke fakewa da shi su ce duk ɗaya ne. Maigidan ya ce a mayar a karɓo mai lambar 2TR.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Aikin ya dogara da wutar lantarki, kuma ba sa tayar da janareta sai ayyuka sun taru, saboda haka ranar da aka yanka maka ba lallai ta tabbata ba. Ba sa rubuta awon da suka yi a takarda sai ka nema, alhali shi ne zai amfani bakaniken da zai buɗe injin nan gaba. Mafi muni, yaran shagon sukan jingina karanshaf da aka gama yankawa a ƙasa, cikin ƙurar bakin titi, don haka kada kowa ya ɗaura abin da ya karɓo daga nan sai ya wanke bulok da ruwan zafi da sabulu, ya busa ramukan mai da iska. Kuɗinsu kuma ya ɗara na maƙwabtansu, ba sa ragi sosai.

Bayan an haɗa, karanshaf ya juya da hannu ɗaya a ɗaure, fitilar mai tana mutuwa da zarar an tayar, kuma bas ɗin yana hawan tudun Kaltungo da cikakken lodi ba hayaƙi. Wanda zai kai musu aiki ya tafi da bulok tare da murafensa da kusoshinsu, da karanshaf, da konrod, da tsofaffin metal ɗin da aka cire, kuma ya dakata da sayen sababbi har sai sun faɗa masa lamba.