Shekara uku da Galaxy Note 8, ƙanwar wayar da ta kama wuta

Ranar da na shigo gida da ita daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, uwargida ta kalli kwalin ta ce, "Baban Amira, ba irin wannan ce ke kamawa da wuta ba? Don Allah kar ka sa ta caji a ɗakin yara." Ban ga laifinta ba, domin ni ma sai da na yi wata biyu ina jinkiri kafin na saya.

Wadda take nufi ita ce Note 7. Ta shiga kasuwa a watan Agusta na 2016, ba a yi cikakken sati uku ba Samsung ya nemi a maido masa da kusan guda miliyan 2.5 saboda batirinsu na ƙonewa. Aka raba wa mutane sababbi, aka ce waɗannan lafiya lau suke. Sai ga ɗaya daga cikinsu ta turnuƙe da hayaƙi a cikin jirgin saman kamfanin Southwest a birnin Louisville na Amurka, har aka sauke fasinjoji kafin ya tashi. Wannan na biyun ya fi tayar min da hankali. Kuskure kowa na yi, amma a ce maka an gyara alhali ba a gyara ba, nan ne amana ke karyewa. Ranar 11 ga Oktoba aka daina ƙera ta, bayan 'yan kwanaki kuma Amurka ta haramta shiga jirgi da ita.

Abin da ya dawo da hankalina shi ne bayanin da kamfanin ya fito ya yi a Janairun 2017, bayan injiniyoyi 700 sun gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000. A cikin batir akwai falle-falle biyu da bai kamata su haɗu ba, wata siririyar leda ce ke raba su. A kashin farko, kusurwar batirin ce ta matse har fallayen suka lanƙwashe. A na biyu, wanda wani kamfani daban ya yi, tsinin walda ne ya huda ledar, wasu ma an bar su ba tef ɗin kariya. Ba su ɗora wa masu saye laifi ba, suka ce nasu ne. Wannan ya sa na yarda na fitar da kuɗina.

A hannu kuwa, Note 8 waya ce mai daɗin sha'ani. Alƙalaminta ya raba ni da littafin bashi a shago, ina zaro shi sai in rubuta a fuskar ko ban buɗe ta ba. Batirinta 3,300mAh ne (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), ƙasa da 3,500 na Note 7, kuma in na kunna data tun safe, zuwa La'asar sai na nemi soket. Na karɓi hakan da hannu biyu tunda na san dalili, wato gudun abin da ya faru da Note 7. Ko a zafin watan Afrilu, ana caji da janareta, ɗumi kawai take yi. Duk da haka ban taɓa sa ta ƙarƙashin matashin kai ba.

Da batirin ya tsufa na kai wa wani mai gyara, ya sa min wani da ko sunan kamfani babu a jikinsa, ya ce, "Alhaji, orijinal ne." Bayan wata huɗu, ina ajiye ta a kan tebur sai na ga tana rawa. Na ɗaga, ashe gilashin bayan ya ɗago har farce na shiga, batirin ya kumbura kamar burodi. Wannan batirin babu wanda ya gwada shi, babu kuma wanda zai yi shelar a maido da shi. A ranar na sa aka cire shi, wayar kuma tana nan cikin durowa har in samu na asali.