Wanki ya fita, amma kafet ya tashi

In taurari biyar ake bayarwa, uku zan ba kamfanin da ya wanke mini kafet ɗin falo da na ɗakin kwana. Wankin kam ya fita fes, har tabon biro da yara suka yi kusa da ƙofa, wanda na riga na haƙura da shi, ya tafi. Biyun da na riƙe, na riƙe su ne saboda yadda kafet ɗin falo ya koma bayan tafiyarsu, da kuma yadda ba wanda ya ce mini uffan kafin a zuba ruwa.

Kafet ɗina irin wanda ke rufe ɗaki bango zuwa bango ne, an maƙale gefensa a kan siraran katako masu ƙananan ƙusoshi, da soso a ƙarƙashi. Samari biyu suka zo a kan lokaci, da ladabinsu. Suka ɗaga kujeru maimakon su ja su, suka sa 'yar leda a ƙarƙashin ƙafafun tebur don kada fentin katako ya zuba a jiƙaƙƙen kafet. Wannan ya burge ni. Injinsu mai fesa ruwan zafi da sabulu ne, sannan ya zuƙe abinsa. Sai dai wajen fesawa a natse suke, wajen zuƙewa kuwa bi ɗaya suke yi a gurguje su wuce gaba. Fankar busarwa ma ba su zo da ita ba. Da yamma na taka, ruwa ya fito ta tsakanin yatsun ƙafata, kuma daga bakin ƙofa zuwa gindin taga kafet ya tashi layi-layi kamar kunyoyin gona. Ƙofar falo sai da ƙarfi take buɗuwa, tana gogar tudun farko.

Da na kira, shugaban aikin ya ɗauka nan take. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ki kunna fanka, kada a ɗora masa kaya mai nauyi, in ya bushe zai koma." Rabin maganarsa gaskiya ce. Irin wannan kafet hawa-hawa yake: gashin da ake takawa an soke shi ne a jikin wata shimfiɗa ta zaren roba, aka shafa gam a bayanta, aka manna wata shimfiɗar ta biyu. In ruwa ya ratsa har ya kai ga gam ɗin, ga kuma zafi, sai ya yi laushi, bayan kafet ya saki. Tunda gefe a kafe yake, abin da ya ƙaru ba shi da wajen zuwa sai sama. Shi ya sa galibin irin wannan tashin yakan kwanta da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Nawa ma ƙananan tudun sun kwanta. Manyan biyu na tsakiya suka ce suna nan.

Abin da ya hana ni ɗora musu laifin gaba ɗaya shi ne ɗakin kwana. Rana ɗaya, inji ɗaya, mutane ɗaya, amma can ko motsi kafet bai yi ba.

Wani dattijo mai shimfiɗa kafet ne ya warware mini. Ya tsuguna a tsakiyar falo, ya tsinci kafet da yatsu biyu ya ɗaga, sai ga shi ya biyo hannunsa ba gardama, da ya saki kuma bai koma da sauri ba. Ya ce, "Hajiya, wannan da gwiwa aka ja shi." Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake dasawa a kafet a buge shi da gwiwa. Amfaninsa kusurwa da gefe da ƙananan wurare, amma masu gaggawa da shi suke gama ɗaki sukutum. Ɗaki mai faɗi yana buƙatar babban abin miƙewa, mai dogon bututun ƙarfe da ake tokarewa da bango ɗaya a ja kafet zuwa ɗayan. Cibiyar harkar kafet ta Amurka, CRI, a ƙa'idarta mai lamba 105 ta shimfiɗa a gidaje, ta ce a miƙe irin wannan kafet da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, a tsawo da faɗi. A falo mai mita 5 ke nan ana maganar santimita 5 zuwa 7.5. Gwiwar mutum ba ta ba da wannan. Ɗakin kwana ƙarami ne, ga gado da durowa sun danne shi, shi ya sa ya tsira.

Ya kuma ɗaga kusurwa ya duba soson. Mai kauri ne, mai laushi, irin wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, wanda ni da kaina nake yabawa in na taka. Ashe kowane taku lanƙwasa bayan kafet yake yi, a hankali yana sassauta shi. Abin da ake so a gida kada kaurinsa ya wuce kamar milimita 11, kuma ya zama mai tauri. Jan kujera mai nauyi a kai ma yana yin irin wannan ɓarnar, haka damshin iska in ya yi yawa. Ya murza bayan kafet ɗin tsakanin yatsunsa ya ce na yi sa'a, gam bai mutu ba. Da ya mutu, da za a ga shimfiɗun biyu sun rabu, gari-gari na zuba, kuma wannan ba miƙewar da ke gyara shi.

To, sakin yana nan tun ranar shimfiɗa, ruwa ne ya fito da shi fili. Amma wanda ya mai da wankin kafet sana'a ya kamata ya san haka fiye da ni. Ɗagawar nan da yatsu biyu ba ta cin minti ɗaya. Da sun yi ta, da sun ce mini kafet ɗin a sake yake, zai iya tashi, in zaɓa ko a fara miƙe shi ko a rage ruwa. Kuma yawan ruwan nasu ne, ba na mai shimfiɗa ba. Kafet da aka wanke da kyau yakan bushe cikin awa 6 zuwa 12, bai kamata ya haura awa 24 a jiƙe ba, don daga nan ne wari da fumfuna ke samun ƙofa. Nawa ya haura, har falon ya fara warin damshi.

Dattijon ya cire gefe biyu daga ƙusoshi, ya miƙe, ya yanke rarar da ta kai faɗin yatsu uku. Falo ya kwanta sumul, sai wani siririn layi a hanyar wucewa, inda aka yi ta taka tudun har ya karye, wanda ya ce da wuya ya ɓace. Na tura wa kamfanin hoton rarar. Suka ce kuɗin miƙewa ba nasu ba ne, ban kuma yi musu gardama a kan wannan ba. Sun yi alkawarin zuwa da fankar busarwa in na sake kiransu. Zan iya sake kiran, amma sai na tsaya a kansu sun bi kowane layi sau biyu ko uku da zuƙa zalla, ba fesawa.