Ina Za Mu Sauka? Zaɓen Wurin Keɓewa Don Addu'a a Sakkwato

Shekaru da dama ni ake ɗora wa nemo masauki idan matan zumuntarmu za su keɓe kwana biyu ko uku don addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki. Abin da na koya shi ne, takardar dokokin gida ta fi takardar farashi faɗa maka gaskiyar wuri. Shi ya sa nake roƙon duk wanda aka ba wannan aiki ya karɓi dokokin a rubuce kafin ya tura ko sisi.

Zaɓin da ke gabanmu a Sakkwato bai wuce huɗu ba: masaukin da coci ke gudanarwa, otal, kwana a zauren majami'a ko azuzuwan makarantar mishan lokacin hutu, sai kuma fita daga jihar gaba ɗaya.

Masaukin coci nake fara nema, don an gina shi ne saboda irin abin da ya kawo mu. Akwai ɗakin sujada kusa, ba kiɗa, ba masu shiga da fita tsakar dare. Amma kowace ɗarika da tsarinta, kuma a nan ne mutane ke yin tuntuɓe. A gidan Katolika an fi ba shiru muhimmanci. Za a yi Mas, wato sujadar Katolika, da sassafe, baƙo na iya zama a ciki, sai dai wanda ba ɗan Katolika ba ba ya karɓar jibin Ubangiji, kuma ranakun Juma'a na azumin kwana 40 kada ku sa ran ganin nama a tukunya. Idan ƙungiyarku mai kwanan addu'a ce da ganga da lasifika har asuba, ku faɗa tun farko, domin wataƙila a ɗakin da ke jikin naku akwai wanda ya zo yin kwana uku ba magana. Gidajen ECWA, Anglika ko Baftis sukan fi sakin hannu wajen waƙa da wa'azi, amma su ma suna da lokacin da ake kashe amsa-kuwwa saboda maƙwabta. Hanya mafi sauƙi ta sanin inda ake karɓar baƙi ita ce ofishin ɗarikar. Na Katolika yana ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da Dayosis ɗin Sakkwato tun 2011, kuma ko a babban cocin Holy Family kuka tambaya za a nuna muku wanda ya dace ku gani. Wasiƙa daga fastonku tana buɗe ƙofa fiye da kiran waya goma.

Dokokin da za ku tarar kusan ko'ina iri ɗaya ne. Ba giya, ba taba. Maza gefe, mata gefe, kuma namiji da mace ba sa haɗa ɗaki sai an san ma'aurata ne, wani wurin har shaida ake nema. Baƙon da ya zo gaishe ku a falo zai tsaya. Ana rubuta suna a ƙofa, ana duba katin shaida, don haka kowa ya riƙo na ɗan ƙasa ko na zaɓe. Ba a girki a ɗaki. Sai dokar rufe ƙofa, wadda na taɓa ɗanɗana zafinta. Wata shekara biyu daga cikinmu suka raka 'yar'uwa asibiti da yamma, ba su dawo ba sai bayan an sa kwaɗo. Na sauko da fitilar waya na sami tsohon mai gadi zaune kan bencinsa, rediyo a kunne. Na ce, "Baba, don Allah ka taimaka, mutanenmu ne, daga asibiti suke." Ya ce, "Mama, ni ba ni ƙin taimako, amma makulli na wurin manaja, shi ko ya tafi gida." Sai da muka tashi bawan Allah daga barci ta waya. Laifina ne, ban tambayi wa ke riƙe makulli da dare ba. Yanzu tambayata ta biyu ke nan a ko'ina.

Ta farko kuwa wuta ce da ruwa. Wanda bai yi bazara a Sakkwato ba ba zai gane ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a daidai lokacin ne azumin kwana 40 da Ista suke faɗowa, wato lokacin da aka fi neman keɓewa. Kada ku gamsu da "akwai wuta". Ku tambaya: idan NEPA ta ɗauke, janareta ne ko sola? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake kunnawa? Yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Kuɗin man yana cikin farashi ko daban za a caje ku? Ruwan rijiyar burtsatse ne, kuma akwai tanki a sama? Tsohuwar da ta kwana tana fifita da kwali ba za ta iya zama ta saurari koyarwa da safe ba, kuma ina jin nauyin hakan a raina duk lokacin da iyayenmu mata suka biyo mu. A Disamba da Janairu lissafi ya juya, bargo da ruwan zafi za ku nema saboda hunturu. Da damina kuwa gidan sauro, ku tambaya ko suna bayarwa ko kowa ya zo da nasa, haka tawul da sabulu.

Otal ya fi kowa wuta da sanyi, kuma ba mai rufe muku ƙofa. Ga ma'aurata ko fasto ɗaya da ke son hutawa, yana iya isa. Ga ƙungiya kuwa, tsada ce, zauren taro kuɗinsa daban, kuma kuna iya tarar da biki a ƙasa kuna tsakiyar addu'a.

Kwana a majami'a ko aji shi ne mafi araha, matasa ma sun fi son sa. Tabarma da katifa, girki a murhu, kowa da bokitinsa. Ku ƙirga banɗakuna kafin ku ƙirga mutane, kuma ku tabbatar akwai katanga da masu gadi.

Maganar abinci tana buƙatar zama. Wasu gidajen dole ku ci nasu a lokacin da suka tsayar, wasu za su ba ku madafa ku yi naku. Idan kun dogara da sayowa a gari, ku duba kalanda: a 2025 azumin Ramadan da namu sun haɗu a watan Maris, kuma a irin wannan lokaci masu sayar da abinci da yawa ba sa buɗewa da rana. Ku kuma sanar da masu girki idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini.

Masu hali sukan ce a tafi Miango, kusa da Jos, gidan hutun da mishan na SIM suka kafa don ma'aikatansu su sha iskar tudu. Sanyin wurin da shirunsa ba a kwatanta su da namu. Amma tafiya ce ta yini guda ta Gusau da Funtuwa da Zariya, kuɗin mota kaɗai na iya cinye abin da za ku kashe a gida, kuma dole a binciki halin hanya da na yankin a makon tafiyar, a kuma yi ta da rana. Don taron kwana biyu ba na ba da shawararsa. Don mako guda, da ƙaramar tawaga, ya cancanta.

Batun kuɗi, ku biya kafin alƙalami a asusun cocin ko na gidan, ba na wani ma'aikaci ba, ku karɓi rasit mai ɗauke da ranaku da yawan ɗakuna. Ku sa a rubuta abin da za a mayar muku idan mutum talatin kuka ce ashirin suka zo, da ƙarfe nawa ake sakin ɗaki ranar tafiya. Sannan mutum biyu su je da ƙafarsu kwana kaɗan kafin taron, da tsakar rana, su buɗe famfo, su kunna fanka, su ɗaga katifa su duba ƙarƙashinta.