Jama'a ku ɗauki kalkuleta kafin ku tura kuɗinku wa masu "25% duk wata"

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda aka saka shi a wani guruf ɗin WhatsApp ko Telegram da ake cewa ka zuba jari a ba ka ribar kashi 25 cikin 100 duk wata, wai suna noma da kiwon kaji da harkar kirifto, ya tsaya ya karanta wannan. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda maganar tana hannun hukuma, amma ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya suka cuta, kuma wallahi har yanzu abin yana ci min rai.

Ya fara da dubu 200. Wata na farko alat ɗin dubu 50 ya shigo, wata na biyu ma haka, shi ke nan hankalinsa ya kwanta ya kwashi adashinsa dubu 300 ya ƙara, suka ce masa ai kar ya riƙa cirewa, ya bar ribar a ciki ta riƙa haihuwa. Ranar da ya zo yana nuna min waya, manhajar tasu ta rubuta masa sama da miliyan ɗaya da koren rubutu yana ta murna. Na ce Malam nawa ka tura, ya ce dubu 500. Nawa ya dawo akawun ɗinka na banki, ya ce dubu 100. To lissafin ke nan, babu wani. Dubu 400 ɗinka na hannun mutane, kashi 80 cikin 100 na uwar kuɗinka, kuma dubu 100 ɗin ma da kake kira riba daga cikin kuɗinka ko na wani bawan Allah aka yanko aka ba ka. Lambar da ke kan sikirin wani ne ya zauna ya rubuta ta, in ya ga dama gobe ya mayar da ita miliyan goma. Bai ji ba. Sati uku bayan nan cire kuɗi ya tsaya, wai ana gyaran sistem.

Ni abin da ya fi damuna shi ne mutane ba sa bin lissafin har ƙarshensa. 25% a wata ba ƙaramin abu ba ne fa. In ana mayar da ribar cikin jari, dubu 200 a wata 12 za ta zama kusan miliyan 2 da dubu 900, wato ta ninka sau 14 da rabi. Wane kiwon kaji ne ke ba da haka, ga tsadar abinci ga mutuwar tsaki? Je ka Kantin Kwari ko Dawanau ka tambayi wanda ya shekara talatin a kasuwa ko ya taɓa ganin shekarar da jarinsa ya ninka sau 14. Gwamnati ma da kanta, lokacin da kuɗin ruwan Babban Bankin Najeriya (CBN) ya kai 27.5% a ƙarshen 2024, wannan a SHEKARA ne ba a wata ba. Mutumin da ke da sana'ar da ke ba da 25% a wata me zai yi da dubu hamsin ɗinka, ai banki zai je ya ci bashi ya cinye ribarsa shi kaɗai.

Kuma ba yau aka fara ba. Masu tsarin zuba kuɗi na MMM 30% suka yi alkawari a wata, Disambar 2016 suka daskarar da akawun ɗin mutane. Manhajar kirifto ta CBEX ta ce za ta ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka lissafa, dubu 100 a shekara ta zama sama da miliyan 409, ta rushe a Afrilun 2025 har mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan, sannan aka ce sai ka sake biyan dala 100 ko 200 ta tantancewa kafin ka cire kuɗinka. Irin wannan saƙon ne ya zo wa ƙanina, wai ya biya dubu 30 a buɗe masa, da kyar na hana shi.

Suna kuma fakewa da addini, wai halal ne babu kuɗin ruwa. Ku tambayi malamai, a mudaraba, wato ka ba wani jari ya juya maka, ana raba ribar da aka samu ne bisa kason da aka yi yarjejeniya, kuma asara na iya faruwa, babu mai lamunce maka ƙayyadadden kuɗi duk wata ko an ci ko an faɗi.

Satifiket ɗin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da suke turawa a guruf rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ne, wannan aikin hukumar kula da harkar zuba jari ne, wato SEC, kuma a shafinsu na intanet za ka iya duba sunan kamfani. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri har shekara 10 ga masu irin wannan harka. Wanda kuɗinsa ya riga ya maƙale kar ya ƙara ko sisi, kar ya goge hira da rasit ɗin tiransifa, ya kai wa EFCC. Mu mun kai namu ranar Litinin, kuma matar maƙwabcinmu da ƙanin nawa ya jawo ta ciki, wadda ta sayar da ɗan kunnen gwal ɗinta, tare muka je da ita.